WA KE KIRAN SUNA A BAKIN JIRGI? TARIHIN RABON AIKIN DAKO DAGA ZANGO ZUWA APAPA

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar yadda ni na tashi a Fakku, ya san abin da ake nufi da cirani. Da zarar an kai gero da dawa rumbu, sai samari su ɗaure 'yan ƙunshinsu su bi hanyar Jega da Yawuri, wasu su yada zango a Kwantagora, wasu su zarce Badun, wasu kuwa ba su tsayawa sai sun ga teku a Ikko. Mafi yawansu ba su da jari, ba su da takardar makaranta, abin da suke tafiya da shi kurum shi ne wuya da kafaɗa. Don haka aikin da ya fi saurin karɓarsu shi ne dako, ko dai a kasuwa, ko a tashar mota, ko a bakin jirgi.

Mu ɗaliban Hausa mun saba da nazarin sarauta da fatauci da waƙoƙin maza, amma ba mu cika waiwayar ɗan dako ba, alhali kuwa babu fataucin da ya taɓa tafiya ba a bisa kansa ba. A cikin wannan 'yar maƙala ina so in bi diddigin tambaya guda: idan masu neman aiki ɗari suka taru a bakin ƙofa, aikin kuwa na mutum talatin ne, wa ke zaɓen waɗanda za su shiga? Wa kuma ke biyan kuɗin wurin da ake yin zaɓen? Mai karatu zai iya ganin tambayar ƙarama ce, amma a kanta an zubar da jini a Amurka, an yi dokoki an rushe a Ingila, mu ma nan Nijeriya an kafa hukumomi a kanta har sau uku ko huɗu. Zan fara daga gida, in fita waje, sa'an nan in komo.

Dako a zamanin fatake

Tun kafin zuwan Turawa ƙasarmu tana bisa babbar hanyar fatauci. Kasuwar Jega, wadda ta bunƙasa a ƙarni na 19 bayan jihadi, mahaɗa ce ta ayarorin da ke zuwa Gwanja sayen goro. Fatake kan fito da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, su ratsa Bargu har Salaga, tafiyar da kan ci watanni. Kayan nan jakuna da takarkarai ke ɗaukar wani sashi, sauran kuwa a kan mutane yake tafiya, wasu bayi, wasu 'yan alaro da ake biya lada.

Ayari ba taron yuyuyu ba ne, yana da tsari. Akwai madugu, wanda shi ne uban tafiya, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai uban dawaki, akwai kuma malamin da ke riƙe da lissafi. Abin lura a nan shi ne yadda ake biyan kuɗin hanya. Ba kowane falke ke zuwa gaban sarkin gari ko sarkin fito shi kaɗai ba. Madugu ke yin ciniki a madadin kowa, sa'an nan a raba kuɗin bisa yawan kayan kowane mutum. Watau Bahaushe ya daɗe da sanin cewa abin da kowa ke amfana da shi, kowa ya kamata ya sa hannu wajen biyansa, kamar dai yadda muke yi a gayya da adashi.

Amma fa wannan haɗin kai na masu kaya ne. Ɗan alaro ba ya cikin shawara. Shi dai a zango yake zama yana jiran a kira shi, wanda zai kira shi kuwa shi ne fatoma ko maigidan da fatake suka sauka a wurinsa. Maigida shi ya san wane ne amintacce, shi ke tsaya wa baƙo, shi kuma ke yanke lada. Wani masani Bature, Abner Cohen, da ya yi nazarin unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda masu gidajen saukar baƙi na cinikin shanu da goro suka zama su ne ginshiƙin unguwar, kowa da dillalansa da yaransa da 'yan dakonsa. Wannan tsari yana da amfaninsa, domin baƙon da ya sauka ba ya rasa makwanci da tuwo. Aibinsa shi ne duk abincin mutum yana hannun mutum guda. Ranar da kuka saɓa da maigida, ran nan ka bar aiki, kuma babu inda za ka kai ƙara.

Zuwan jirgin ƙasa da faɗaɗar cirani

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, abubuwa biyu suka sauya zaman talaka. Na farko shi ne haraji da tsabar kuɗin Bature, wanda ya tilasta wa magidanci ya nemo sulalla ko ta halin ƙaƙa. Na biyu shi ne hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano a 1911, reshenta kuma ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarawa kudu. Kowane buhu da aka jera a dalar gyaɗa ta Kano, sai da wani ya ɗora shi a ka ya hau da shi, wani ya sauko da shi ya sa a wagunu, wani kuma a Apapa ko Fatakwal ya sauke shi ya tura cikin jirgin ruwa. An gina matsayar manyan jirage ta Apapa a shekarun 1920, aka kuma buɗe ta Takoradi a ƙasar Gwalkwas a 1928.

Yawan mutanenmu da suka shiga wannan tafiya ba kaɗan ba ne. A ranin 1952 zuwa 1953 an kafa wuraren ƙidaya a hanyoyin fita daga Lardin Sakkwato, aka ƙirga matafiya fiye da dubu 250 da suka nufi kudu, mafi yawansu 'yan lardin ne, wasu kuma daga ƙasar Faransa ta wancan lokaci, watau Nijar. Masanin nan R. M. Prothero shi ya yi sharhin wannan ƙidaya. Wasu gonakin koko suka nufa, wasu su, wasu ƙananan sana'o'i, wasu kuwa dako a biranen gaɓa.

Har yanzu akwai shaidar wannan a bakin mutanen Gana. A Ankara, kafin a buɗe tashar Tema a 1962, jirage kan tsaya can cikin teku ne, a yi jigilar kaya da kwale-kwale, 'yan dako su kwashe daga gaɓa. Sunan da aka laƙaba wa masu ɗaukar kaya a birnin shi ne kayakaya, daga kalmarmu ta kaya, matan da ke wannan aiki a kasuwanni a yau kuma ana ce musu kayaye. A Abijan ma haka abin yake. Oumarou Ganda na Nijar, wanda daga baya ya shahara wajen shirya fim, lebura ne a tashar jiragen ruwan Abijan sa'ad da Jean Rouch ya sa shi cikin fim ɗinsa na 1958, inda aka nuna yadda baƙi ke sammako suna jiran aikin yini guda wanda ba tabbas.

To, a nan ne maigidan zango ya sami magaji, watau heluma da ɗan kwangila. Kamfanin jirgi ba ya son ɗawainiyar lebura, sai ya ba ɗan kwangila aikin lodi da sauke kaya, shi kuma ya sa helumomi su tara masa mutane kowace safiya. Bambancin heluma da maigida shi ne, maigida aƙalla yana ciyar da kai ranar da babu aiki.

Me ya sa aikin bakin jirgi ya zama haka?

Ya kamata mu fahimci tushen matsalar, domin ba muguntar mutane kaɗai ce ta kawo ta ba. Jirgi ba ya zuwa kullum. Yau a ga biyar sun iso a tare, gobe babu ko ɗaya. Kowane yini da jirgi ya yi a tsaye hasara ce ga mai shi, saboda haka yana so ya tarar da mutane birjik suna jira, amma ba ya so ya biya su ladan jiran. Mafita a gare shi ita ce a bar ƙofa a buɗe, masu nema su fi aikin yawa nesa ba kusa ba, a ɗauki mutum na yini ɗaya ko rabin yini a sallame shi.

Inda duk aka yi haka, sakamakon iri ɗaya ne. Mai zaɓe ya zama sarki. Wanda ke son a nuna shi gobe, sai ya san abin da ya cusa a aljihun heluma yau. Tsoho da mai rauni a bar su a baya, wanda ya buɗe baki ya yi maganar haƙƙi kuwa a daina ganinsa ko da yana tsaye a gaba. A Landan, kafin yajin aikin 1889, leburori kan yi turereniya a ƙofar tasha don su cafki 'yar alamar shiga aiki. Sun yi makonni biyar suna yaji kafin su sami abin da suka nema, watau sisi a kowace awa. Sun sami sisin, amma tsayuwar bakin ƙofa ba ta kau ba sai bayan shekaru masu yawa.

Wani zai ce, to ai sai a gina zaure a riƙa rubuta suna. An gwada. A wasu tashoshin yammacin Amurka, kamar Siyatil, kamfanoni sun buɗe zaurukan ɗaukar ma'aikata a shekarun 1920, su suka gina, su ke biya, su ke naɗa magatakarda. Leburori suka tsani waɗannan zauruka, domin littafin da ake rubuta suna a ciki shi ne kuma littafin da ake soke sunan duk wanda aka ji yana maganar ƙungiya. Ashe gini ba shi ne magani ba, maganar tana ga wanda ke riƙe da alƙalami.

Zauren haɗin gwiwa na 1934

Ranar 9 ga Mayu, 1934, ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa na gaɓar yammacin Amurka suka ajiye aiki baki ɗaya. Babban abin da suka nema, gaba da ƙarin lada, shi ne a ba ƙungiyarsu ikon rabon aiki. Cikin jagororinsu a San Faransisko akwai Harry Bridges, mutumin Ostareliya. Ranar 5 ga Yuli 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe mutum biyu, abin da ya sa sauran ma'aikatan birnin suka shiga yajin gama-gari na kwana huɗu. Yajin bakin jirgi ya kai kwana 83 kafin ɓangarorin biyu su yarda su miƙa wuya ga kwamitin sulhu da Shugaba Roosevelt ya naɗa. Kwamitin ya yanke hukunci ranar 12 ga Oktoba.

Wannan hukunci ya cancanci a dube shi daki-daki. Na farko, ba za a ƙara ɗaukar kowa a bakin titi ba, sai ta zauren rabon aiki, zauren kuwa na ɓangarori biyu ne, ƙungiyar ma'aikata da ƙungiyar kamfanoni. Na biyu, duk abin da aka kashe a kan zauren, kamar kuɗin haya da albashin ma'aikatansa, a raba biyu, kowane ɓangare ya biya rabi. Na uku, a kowace tasha a kafa kwamiti mai wakilai uku daga nan uku daga can, shi ke riƙe da rajistar ma'aikata, shi ke yanke shawarar ƙara mutane ko rage su, shi ke sauraron ƙara. In sun kasa daidaitawa a kai wa mai sulhu. Na huɗu, lebura mai rajista wanda ba ɗan ƙungiya ba, shi ma sai ya biya daidai abin da ya faɗa kan kowane ɗan ƙungiya na kuɗin zauren, don kada wani ya ci bulus. Na biyar, wanda shi ne ƙashin bayan abin, mai kiran suna ƙungiyar ma'aikata ce za ta zaɓe shi. Har ila yau an tsayar da awa shida a yini, da lada santi 95 a awa.

A takarda an yi raba-daidai, amma a aikace ma'aikata suka yi rinjaye, domin mai kiran suna nasu ne, kuma da ƙuri'a suke zaɓensa na ƙayyadadden lokaci. In ya yi son kai, a zaɓe mai zuwa ya koma ɗaukar kaya tare da waɗanda ya zalunta. Suka kuma shigo da ƙa'ida mai sauƙin ganewa: wanda ya fi kowa ƙarancin awoyin aiki, shi za a fara kira. Ana rubuta awoyin kowa a fili, wanda ya yi ƙarya a nasa a hukunta shi. Da wannan aka toshe kafar toshiyar baki, tun da babu abin da heluma zai sayar.

Me ya sa aka ce kowa ya biya, ba a ɗora wa masu kuɗi duka ba? A ganina hikimar tana cikin karin maganar nan da ke cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Da kamfanoni kaɗai ke biyan mai kiran suna, da yaronsu ne. Da kuma ƙungiya kaɗai ke biya, da kamfanoni sun ce ba ruwansu da zauren, su koma ɗauka a waje. Da yake kuɗin kowa na ciki, kowa na da ikon ya ce a buɗe littafi ya gani. Su ma kamfanonin ba su yi hasara ba, domin sun sami ƙwararrun mutane a duk sa'ad da jirgi ya iso, ba tare da kowane kamfani ya riƙe nasa ba. Ƙungiyar ma'aikatan ta zama ILWU a 1937, ta kamfanoni ta zama PMA a 1949, kuma su biyun ke tafiyar da zaurukan har yau, ko da yake a yarjejeniyoyin baya kamfanoni sun ɗauki kaso mafi tsoka na kuɗin.

Kada mai karatu ya zaci tsarin ba shi da aibi. Rajista tana kare wanda ke ciki ne, tana kuma rufe ƙofa ga wanda ke waje. An kasa ma'aikata aji-aji, masu cikakkiyar rajista, da masu jiran gado, da 'yan cike gurbi waɗanda kan yi shekaru suna jira. A wasu rassa, kamar na Fotlan, baƙar fata ba su sami shiga ba sai a shekarun 1960. Watau son kai da aka kora daga hannun heluma yana iya dawowa ta hannun jama'a, in ba a sa ido ba.

Hanyar Ingila da ta Niyok

Ingila ta bi wata hanya. A 1947 gwamnati ta kafa hukumar ma'aikatan tashoshi ta ƙasa da rassanta, wakilan ma'aikata da na kamfanoni daidai wa daida. Ba mai aiki sai mai rajista, wanda kuma ya zo ya nuna kansa bai sami aiki ba, ana ba shi ɗan abin da zai rage zafi. Kuɗin yana fitowa ne daga wani kaso da ake karɓa a hannun kamfanoni bisa yawan albashin da suke biya. A 1967 aka mai da leburori ma'aikatan dindindin. Amma tun da doka ce ta kafa tsarin, doka ce kuma ta kashe shi: gwamnatin Margaret Thatcher ta soke shi a 1989, bayan da ciniki ya riƙa komawa tashoshin da ba su cikin tsarin, irin su Felixstowe.

A Niyok kuwa, inda 'yan daba suka shige ƙungiyar ma'aikata kanta, jihohi biyu masu tashar suka kafa hukuma a 1953, ta hana tsayuwar bakin ƙofa, ta buɗe nata wuraren ɗaukar aiki, ana biyanta daga harajin da aka ɗora wa kamfanoni. An rushe wannan hukuma a 2023.

Abin da ya girgiza dukkan waɗannan tsare-tsare shi ne kwantena. A 1956 jirgin farko ya tashi daga gabashin Amurka da kwantena 58, cikin 'yan shekaru kuma aikin da ɗaruruwan mutane kan yi mako suna yi ya koma na na'ura da mutane ƙalilan. A yammacin Amurka, da yake akwai teburin da ɓangarorin biyu suka saba zama, sun ƙulla yarjejeniya a 1960, ma'aikata suka yarda da na'ura, kamfanoni suka zuba kuɗi a asusun fansho da lamunin albashi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta fitar da yarjejeniya mai lamba 137 a 1973, wadda ta nemi ƙasashe su yi wa ma'aikatan tasha rajista, su ba masu rajista fifiko.

Yadda abin ya kasance a Nijeriya

Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya, NPA, ta fara aiki a 1955. Tun daga nan ma'aikatan Apapa suka kasu biyu. Akwai ma'aikatan hukuma masu albashin wata da fansho, akwai kuma leburorin 'yan kwangila, waɗanda su ke shiga cikin jirgi su ɗauki buhu, amma ladansu na yini ne. Peter Waterman, wanda ya yi bincike a tashar Ikko a shekarun 1970, ya nuna irin ratar da ke tsakanin waɗannan rukunoni biyu, da yadda ta hana su magana da murya ɗaya.

Gwamnati ta yi ta ƙoƙarin kwaikwayon tsarin Ingila. A 1967 aka fitar da ƙa'idojin rajistar leburorin tasha. A 1975 aka yi cunkoson siminti, lokacin da jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin Ikko suna jiran sauke kaya, abin da ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977. A 1978 aka haɗe ƙananan ƙungiyoyin leburori suka zama ƙungiya ɗaya, a 1979 kuma dokar soja ta tsayar da hukumar leburorin tasha ta ƙasa. A 1996 aka sake haɗe ƙungiyoyin ma'aikatan ruwa suka zama MWUN. Dokar 1999 ta kawo majalisar haɗin gwiwa da ake kira JODLIC, dokar 2003 ta faɗaɗa ta ta koma JOMALIC, a 2006 aka haɗe ta da hukumar sufurin ruwa, abin da ya zama NIMASA a ƙarƙashin dokar 2007. A 2006 ɗin nan ne kuma aka ba kamfanoni masu zaman kansu hayar tashoshi, aka sallami leburori masu yawa. A tsarin da ya biyo baya, NIMASA ke riƙe da rajista, kamfanonin lodi ke ɗaukar ma'aikata, batun lada kuwa ana zama a kansa tsakanin MWUN da ƙungiyar masu hayar tashoshi.

In muka jera wannan tarihi kusa da na 1934, za mu ga bambanci guda. Duk hukumomin da muka kafa daga sama suka zo, da dokar soja ko ta majalisa, kuma kowace sai da wata dokar ta sauya ta cikin 'yan shekaru. Kalmar haɗin gwiwa tana cikin sunan wasunsu, wakilai ma suna zama, amma a can ƙoli ne. Abin da ba mu gina ba shi ne zaure a bakin ƙofa, inda lebura ke zaɓen mai kiran suna, inda kuma awoyin kowa ke rubuce a bango. Ɗan cirani kuwa, wanda zai koma gida da faɗuwar ruwan farko, shi ne ya fi kowa nisa da rajista, domin an tsara ta ne don mai zama shekara cur.

Kammalawa

Wani zai ce ina ruwan mutumin Fakku da maganar teku? Amsa ita ce tashar ta riga ta biyo mu gida. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. Ban da su ga manyan kasuwannin hatsi irin su Dawanau, ga tashoshin mota da ake lodin albasa da shanu zuwa kudu. A duk waɗannan wurare tambayar nan tana nan daram: wa ke kiran suna, wa ke biyansa?

Ba daga sifiri za mu fara ba. Muna da sarkin dako a kasuwanni, muna da layin lodi a tashar mota inda kowace mota ke jiran zuwan nata, muna da asusun da ake tarawa don wanda ya yi ciwo ko aka yi masa rasuwa. Abin da na fahimta daga tarihin da na kawo abu huɗu ne. Ya kamata littafin suna ya kasance a buɗe, kowa ya iya dubawa. Mai kiran suna ya zama zaɓaɓɓe na ƙayyadadden lokaci, ba mai gado ba, ba kuma yaron mai kaya ba. Kuɗin wurin ya fito daga aljihu biyu, na masu kaya da na masu ɗauka, a kuma riƙa karanta lissafi a gaban jama'a. Sa'an nan a bar ƙofa ga baƙo da ɗan cirani, da ƙa'idar da kowa ya sani, don kada rajista ta zama gadon gida.

Mu kuma ɗalibai akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. A garuruwanmu akwai dattawan da suka yi dako a Ankara da Kumasi kafin korar baƙi ta 1969, akwai waɗanda suka ga Apapa a zamanin siminti. Sun san sunayen helumomi, sun san nawa ake biya, nawa ake yankewa, sun san kalmomin aikin da waƙoƙin da ake yi in buhu ya yi nauyi. Ina roƙon 'yan'uwa, duk wanda zai je hutu ya tafi da littafi da alƙalami ya zauna da su, tun suna raye. Allah ya sa mu dace, amin.